Suna Ɗaya a Ƙofar Gari

Ku gyara zama, yau nesa za mu je, can ƙasar Kuroshiya, bakin teku, shekara ɗari biyar baya. Akwai wani gari da aka gina a cikin kufan Rumawa. Da can mutanensa ba su ɗauki kufan bakin komai ba, a ginshiƙan sarakunan dā mata ke ɗaura igiyar shanya. Sai wani yayi ya shigo: kowa na son gini irin na Rumawa, har wanda bai san alif ba yana son a sassaƙa masa Latin a bakin ƙofa.

A garin akwai wata mata, Tomazina, matar Stipan masassaƙin dutse. Dattawan gari suka ba mijinta aikin ƙofar gari, mai lanƙwasa kamar baka, irin ta Rumawa. Stipan ya kwaikwayi abin da idonsa ya gani a kufai, amma bai san abin da ke riƙe da duwatsun ba. Al'adar garin kuwa, ranar da za a cire katakon da ke tallafe da baka, magini ne ke tsayawa a ƙarƙashi. Stipan ya tsaya, aka cire, ginin ya rufto masa.

Abin da ya fi ci wa Tomazina rai ba mutuwar ba ce. Mutanen da jiya ke yi wa mijinta kirari, su ne suka kankare sunansa daga jerin magina, ko kwana bakwai bai yi a kabari ba. Ta je ta durƙusa gaban dattawa, suka ce sun ba 'ya'yanta uku shekara guda. In sun ta da ƙofar, a mai da sunan ubansu. In sun kasa, su bar garin.

Babban, Dujam, sana'arsa ƙona farin dutsen kufai a matoya ya zama farar ƙasar gini. Gumaka nawa ya farfasa, shi ma bai sani ba. Wata rana an tura wani faffaɗan dutse bakin wuta, harshenta ya haska shi, sai Dujam ya ga zanen mutane suna ta da baka, da rubutu a ƙasa. Babu lokacin neman ƙarfen jawo shi. Ya sa hannu biyu ya jawo shi. Dutsen ya fito lafiya, amma yatsun Dujam ba su sake miƙewa ba, mai matoyar kuma ya sallame shi, don ba a ajiye ma'aikacin da ba ya iya riƙe cebur.

Na tsakiya, Jerolim, shekara goma sha biyu yana karatun zama limamin coci, saura wata biyu a naɗa shi. Duk zuriyarsu shi kaɗai ya iya Latin. Shugabansa, wani tsoho mai taurin kai, ya ce dutsen nan akwai sunan gunki a kansa, wanda ya karanta ya tuɓe rigar coci. Jerolim ya dubi hannun wansa, ya tuɓe. Wata uku yana shafa gawayi a kan haruffan da suka dushe kafin suka yi magana: yadda ake yanka kowane dutse ya danne ɗan'uwansa, da yadda ake jiƙa farar ƙasa a rami ta kwanta, a gauraya ta da dakakken jan tubali. Abin da ubansu bai sani ba ke nan. Ƙofar coci kuwa ta rufe masa har abada.

Ƙaramin, Frane, shi ya gaji hannun uban. Ya ɗauki gudumarsa, wata tara yana sara, ƙurar dutse tana shiga ƙirjinsa har tarinsa ya fara fito da jini. Ranar cire katako duk gari ya fito, kuma na rantse muku rabinsu wata gawar suka zo kallo. Frane ya tsaya daidai inda ubansa ya tsaya. Tomazina ba ta rufe ido ba, ta ce in zai mutu, a gabanta. Aka cire. Ƙura ta ɗan zubo a kafaɗarsa, bakan bai motsa ba.

Dattawa suka mai da sunan Stipan cikin jerin magina, suna washe baki kamar ba su ba. Tomazina ta zaci wahala ta ƙare. Ashe akwai wata doka: suna ɗaya tak ake sassaƙawa a kan gini, kuma mai sunan shi ke gadon guduma da rumfar aiki. Suka ce uwa ta zaɓa. Ta roƙi a sa sunan mijinta, suka ce mamaci ba ya gado.

A gida Dujam ya ɗora hannuwansa a kan tebur ya ce, "Mama, da ban sa waɗannan a wuta ba, da dutsen ya zama farar ƙasa a bangon wani."

Jerolim ya ce, "Da ban karanta ba, da abin da ka ciro bai fi dutsen niƙa ba."

Frane ya goge bakinsa ya ce, "Ku biyu a gefe kuka tsaya ranar. Ni ne a ƙarƙashi."

Tun daga ranar ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Tomazina ta tsani ƙofar nan fiye da ranar da ta rufto wa mijinta. Ta san duk wanda ta kira, biyun za su fita ta ƙarƙashin bakan nan ba waiwaye, kuma babu ɗayansu da wata hanyar cin abinci ta rage masa. Gobe dattawa ke jiran amsa, ga guduma a cinyarta, ga gurbin suna an goge shi fes.

To, ku da kuka ji: mai ƙonannen hannu, ko wanda ya tuɓe riga, ko mai tarin jini, sunan wa za ta faɗa?