Zabuwa da Sunan Rumfarta

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Zabuwa ce ta ƙware a zanen ƙwarya, ɗige-ɗige irin na jikinta. Ran da ta kafa rumfa a kasuwa murna ta hana ta zama, sai zagaye take tana neman sunan da za ta raɗa mata.

Dila ya ce, "Ƙawata, sa mata Rumfar Zaki. Babban suna shi ke jan kasuwa."

Aka raba goro, aka yi shela. Kafin azahar sai ga Zaki da kansa.

Ya ce, "An ce rumfata ce wannan?"

"Ranka ya daɗe, sunan ne kawai."

"Abin da ke amsa sunana nawa ne." Aka kwashe ƙorai kakaf, Dila ne ma ya ɗauki kayan.

Tana zaune a rumfa wayam, sai ga tsoho Kunkuru. "'Yata, ke ce Mai Ɗige-ɗige? Haka ake kiranki a ƙauyenmu. Ƙwaryar auren jikata nake so."

Zabuwa ta zabura ta ɗauko wuƙar zanenta. Ashe tana da suna tun tuni, wanda ba mai zuwa ya kwashe.

Ƙurunƙus kan kusu, sunan aro mai shi na nan tafe.