Ƙanzon da Aka Shafa wa Fatiha

Tun kafin zuwan Nasara, a shekarun da ayarin gishiri ya fara yada zango a rijiyar Birnin Lalle, an yi wani mutum mai rumfar tuwo a bakin wannan zango. Da fatake suka yawaita, sai ya nemi masu girki. Mata biyu suka zo, wata dattijuwa mai suna Azara da ƙanwarta Habi, kowace da marayu a ɗaka.

Ya faɗi ladan da zai ba su na kuɗin wuri. Azara ta ce, "Mun ji, maigida. Amma ƙanzon kowace tukunya namu ne. Shi ɗiyanmu za su jiƙa su ci."

Ya yi dariya ya ce, "Goggo, ashe ƙonannen gindin tukunya ya kawo ku? Ku kwashe, ku haɗa da tokar murhu."

Aka kira liman, aka shafa Fatiha a kan haka.

Tuwon Azara ya yi suna, domin takan bar shi bisa garwashi ya sulala har ya nuna sarai, kuma a wannan sulalar ne ƙanzo ke kamawa. Da bazara ta yi tsanani hatsi ya yi tsada, mutumin ya fara kallon ƙwaryar da matan ke ɗauka zuwa gida. Zama ya gagare shi. Ya leƙa wannan tukunya, ya koma ƙofa, ya dawo ya sake leƙawa, yana ganin kamar rumbunsa ake kankarewa.

Ya 'yan uwa, bai ce ya fasa alkawari ba. Kunyar liman ta hana shi. Abin da ya yi shi ne, da zarar an tuƙe tuwo sai ya janye itace da hannunsa, ya sa a sauke tukunya. Idan ƙanzo bai kama ba, wa zai ce an hana shi?

Habi ta ce, "Maigida, tuwon nan da sauransa."

Ya ce, "Wuta tawa ce. Ba da ita aka yi Fatiha ba."

Matan suka riƙa komawa gida da ƙwarya wayam. Fatake kuwa suka ci ɗanyen tuwo, ciki ya murɗe musu a hanya, har wani madugu ya sauke kayan raƙumansa bayan ya riga ya ɗaura. Labari ya bi ayari. Aka daina tsayawa a rumfarsa. Azara da Habi suka kafa murhunsu ƙarƙashin wani gawo a ɗaya gefen rijiyar, fatake suka bi su can.

Shi kuwa ya wuni yana kai da kawowa tsakanin tukwane masu sanyi, ƙwari suna cin hatsin da ya tattala. Daga bisani ya je gindin gawon, ya yi alkawarin ninka lada, da ƙanzo, da itace yadda suke so. Azara ba ta ɗaga kai daga muciya ba. Ta ce, "A nan za mu zauna. Ba za mu koma ba."

Wanda ya riƙe lafazin alkawari ya kashe abin da aka yi alkawarin dominsa, shin liman ya yaudara, ko Wanda ya ji Fatihar? Duk mai ɗaukar ma'aikaci ya sani, ƙaramin abin da ya raina a cikin sharaɗi wataƙila shi ne abincin wani maraya.

Allah ya kiyaye mu da yi wa alkawari dabara, ya sa mu cika wa masu yi mana aiki haƙƙinsu. Amin.