Lemun da Aka Dasa Cikin Leda

Akwai wani manomi da ya shekara arba'in yana noman dawa da masara. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, bayansa ya daina jure huɗa, sai ya ce a ransa, "Bari in dasa lemu. Itace ba ya bukatar a sunkuya masa kowace damina, shi zai ciyar da ni da matata in tsufa ya kama mu." Ya je wurin masu renon itatuwa ya ɗauko dashe talatin, kowanne a cikin 'yar baƙar leda.

Ranar dashen, matarsa ta kai masa ruwan sha gona, ta tarar yana jera su a rami har da ledar.

Ta ce, "Maigida, ba a yage ledar ne?"

Ya ce, "In na yage, ƙasar za ta zube, saiwar ta ji ciwo. Ai ledar za ta ruɓe da kanta."

"Leda? Akwai wadda ke bayan gidanmu, ta girmi autarmu."

"Maman yara, ni za ki koya wa noma? Tun ba ki san hanyar rijiya ba nake riƙe da fartanya."

Ta ajiye masa ruwan ta koma gida.

A shekarar farko lemun ya yi kore shar. A damina ta biyu sai ya tsaya cak, ganye ya koma rawaya, ya fara zuba.

To, manomin nan yana da waya, kuma mutum ne mai son koyo. Ya kalli bidiyoyin masana itatuwa a intanet. Ya sami wata manhaja da ake nuna wa hoton ganye ta faɗi cutarsa. Ya nuna mata, ta ce ƙarancin taki ne, ya zuba taki. Ya sake nunawa, ta ce ƙwari ne, ya yi feshi. Ganye bai daina zuba ba.

Sai ya shiga wani zaure na manoma a wayar, inda wata malamar ilimin tsirrai take amsa tambayoyi. Ya tura hoton ganye, sama da ƙasa. Malamar ta duba, ta aiko masa da saƙon murya.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ganyen na gani, amma ba daga nan ciwon yake ba. Don Allah ka tone gindin guda ɗaya ka nuna mini saiwar."

Shi kuwa ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar. Ya tuna manoma ɗari biyu ne a zauren, har da 'yan ƙauyensu. Ya tuna abin da ya faɗa wa matarsa. Washegari ya tura hoton reshe. Bayan kwana uku ya tura hoton gonar daga nesa, ta gefen da ya fi kyau.

Malamar ta ce, "Baba, gonarka tana da tsabta. Amma abin da ka nuna mini kaɗai nake iya gani. Ruwan sama ya kusa ɗaukewa, in rani ya same su haka, ba za su kai baɗi ba."

Ya yi mako uku yana zagaya itatuwan, fartanya a kafaɗa, bai sara ba. A cikin makonnin nan wasu suka bushe ƙurmus. Ranar da ya taɓa ɗaya ya ji reshen ya karye a hannunsa, sai ya durƙusa ya tona. Ga ledar nan lafiya lau, kamar jiya aka binne ta. A ciki saiwar ta yi ta neman hanyar fita ba ta samu ba, ta naɗe kanta kamar gammo. Ya ɗauki hoton, ya tura, ya kifa wayar a ƙasa.

Ba wanda ya yi masa dariya. Malamar ta ce, "Yauwa, Baba, yanzu muka ga ciwon. Ka tsaga ledar, ka datse saiwar da ta murɗe, ka warware sauran a hankali. Ka mayar da su ramin da la'asar, ka ba su ruwa, ka yi musu inuwa." Wasu mutum huɗu a zauren suka ce su ma haka suka dasa nasu.

Da ya koma gida ya ce, "Maman yara, ledar ba ta ruɓe ba."

Ta dube shi, ta ce, "Reza biyu ke gare ni. Ci tuwonka mu tafi."

Cikin talatin ɗin, goma sha tara suka rayu.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Itatuwan rayuwarmu ce. Ganyen shi ne abin da muke nuna wa mutane ranar Lahadi: tufafi masu kyau, waƙa, da "lafiya lau" idan an gaishe mu. Ledar kuwa ita ce abin da muka binne muka ce zai ruɓe da kansa: laifin da ba mu furta ba, ƙiyayyar da muka riƙe, gafarar da muka ƙi nema. Sau da yawa ba da mugunta muka binne ba, tsoron jin ciwo ne, kamar manomin nan. Amma ba ya ruɓewa, yana nan yana shaƙe mu.

Muna iya sauraron wa'azi ɗari a waya, mu zo addu'a da ganye kaɗai, mu koma yadda muka zo. Malamar ba ta iya ganin saiwa sai an nuna mata. Ubangiji kuwa ya riga ya gani, duk da haka yana jira mu tona da hannunmu, ba don ya kunyata mu ba, sai don ya warkar.

Ku lura, itatuwa goma sha ɗayan nan ba ledar kaɗai ta kashe su ba, har da mako ukun da ya yi yana jin kunya. Saboda haka wanda ya san abin da ke binne a gindinsa, kada ya jira wata Lahadi. Ya tona yau, tun ƙasa tana da laima.