Rumbun Nomau Marar Ƙofa

Dalilin da ya sa rumbun laka ba shi da ƙofa a ƙasa, sai baki can sama wanda ba a kai gare shi sai da tsani, ba dabarar wani masani ba ce, yara. Mantuwar wani bawan Allah ce da duk garinsu ke kira wawa. Ku gyara zama ku ji.

A zamanin da, rumbu ƙofa gare shi kamar ɗaki. Mace na zaune a kan tabarma za ta miƙa hannu ta zaro zangarniyar gero. To, a ƙauyen Tudun Gawo wannan sauƙin shi ne ciwonsu. Kowace kaka sai su cika rumbuna, su ware 'yan dammuna a ƙurya su ce wannan iri ne, ba mai taɓa shi. Baƙo ya zo, a zari kaɗan a dama fura. An yi haihuwa, a zari kaɗan. Akuya ma in ta ga ƙofa a buɗe ba ta neman izini. Kafin ruwan farko ya sauka, iri ya bi tukunya. Sai maza su bazu garuruwa masu nisa suna ƙodago don a ba su abin shukawa, kafin su dawo damina ta yi nisa.

Akwai wani dattijo a garin, Baba Shekarau, wanda kowa ya sallama masa wajen hankali. Shi ke raba gardama, shi ke duban sama ya faɗi ranar ruwa. Duk shekara yakan tara mutane a gindin gawo ya ce, "Maganin abin nan kamun kai ne. Mai hankali ƙofa ba ta ruɗinsa." Kowa ya gyaɗa kai, ya koma gida ya zari kaɗan.

Akwai kuma Nomau. Shi ne ya taɓa zuwa gona da ƙota a kafaɗa, ya bar ruwan fartanya a gida. Dariyar mutane ba ta cika damunsa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne bara waccan da hannunsa ya ƙarar da irinsu, don ba ya iya cewa a'a, ko ga maƙwabci ko ga cikinsa. Gonarsu ta kwana ba shuka, ya ga matarsa Tabawa tana kuka a bayan ɗaki. Bana da ƙyar suka samu ɗan amfani, ya rantse ba zai sake ganin wannan kukan ba.

Sai ya ce zai gina sabon rumbu. Ya kwaɓa laka, ya tsaya a tsakiya yana ɗorawa yana zagayawa. Kullum in ya gama sai ya tsallake ginin ya fito. Ran ƙarshe aiki ya yi masa daɗi, ya shigar da turmin Tabawa ya hau kai, yana waƙa yana ɗora laka, har gini ya wuce kansa ya tsuke. Da ya gaji ya sauko, ya juya dama, ya juya hagu. Bango ko'ina.

"Tabawa! Tabawa! Ina ƙofar?"

Tabawa ta zagaya rumbun sau biyu, ta riƙe haɓa. "Malam, ai kai ka yi ginin. Kuma ina turmina?"

Kafin ka ce me, gari ya taru. Aka zura igiyar guga aka jawo shi ta sama, laka har a gemu, sannan aka jawo turmin. Wasu har da faɗuwa ƙasa don dariya. Baba Shekarau ya girgiza kai ya ce, "Yaro, abin bai kai na kunya ba. In ya bushe a kawo gatari a fasa maka ƙofa."

Nomau ya tsaya yana kallon rumbun. Kunya ta rufe shi, amma ya tuna irin wahalar da ya sha kafin ya fito, wani tunani ya faɗo masa. Ya ce, "Baba, a bar shi haka."

"A bar shi? Duk ran da kake son hatsi sai ka hau sama kamar biri?"

"Baba, ku masu hankali ne, kuna iya riƙe hannunku. Ni na san kaina, ba na iyawa. Gara bango ya riƙe mini."

Aka sake fashewa da dariya. Tabawa kaɗai ba ta yi ba. Ta dube shi, ta tafi ta saƙa wa rumbun jinka.

Suka zuba hatsi ta sama, iri a can ƙasa. Rani ya shigo. Duk ran da zuciyar Nomau ta ce masa ɗan kaɗan ba ya rage komai, sai ya tuna aikin da ke gabansa: ya je aron tsani, ya ɗage jinka, ya sauka cikin zafi da ƙaiƙayi. Sau da yawa yana hanyar aron tsanin zai ga ashe tuwon jiya ma ya isa. Sau ɗaya a mako yake hawa, Tabawa na ƙasa tana cewa, "Ya isa haka, Malam, fito."

Shekarar nan bazara ta yi tsawo. Ruwa ya yi jinkiri har mutane suka fara duban juna. Ran da ya sauka kuwa, ya sauka da kyau, ƙasa ta jiƙu sharaf. Kowa ya ruga ƙuryar rumbunsa, kowa ya fito da ƙura a hannu. Baba Shekarau ma ya leƙa nasa, bai tarar da komai ba sai sawun ɓera. Ashe shi ma yana zara, yana ce wa kansa ai shi ya san iyakarsa.

Da hantsi Nomau ya ji sallama. Ya fito ya ga dattijon a tsaye, kansa a sunkuye, mutanen gari a bayansa. Nomau ya ji tausayi ya kama shi, don ya san wannan kunyar, ya ɗanɗana ta. Bai bari sun roƙa ba. Ya ce, "Wa zai ara mini tsani?"

Ya hau, ya sauka, ya fara miƙo dammuna. Irinsa na nan cif, ga kuma sauran hatsin ci da bai ƙare ba. Tabawa ta ware na gonarsu, sauran aka raba gida gida. A shekarar nan Tudun Gawo suka yi shuka da ruwan farko, abin da tsofaffi ma suka ce sun manta rabonsu da shi.

Da kaka ta zo, gero ya yi kyau, Baba Shekarau ya zo gidan Nomau da kwandon laka a kai. Ya ce, "Shekara arba'in ina koya wa mutane su yarda da hankalinsu. Kai ka san inda naka ya tsaya, ka fi mu duka. Zo ka koya mini yadda ake manta ƙofa."

Nomau ya yi dariya har hawaye. "Baba, ba wuya. Ka shiga ciki da turmi, ni zan riƙe maka igiya."

Shi ya sa har yau, in kun ga rumbun laka, za ku zagaya shi kaf ba ku ga ƙofa a ƙasa ba. In kuma kun ga babanku a kan tsani yana zufa yana tsaki, kada ku yi masa dariya. Iri yake tsarewa daga hannunsa.