Jaki da Biri Sun Koyo Faɗan Koriya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu gyangyaɗi!

Ta ƙaraso mu ji ta!

Kura ce ta addabi gari, sai Jaki da Biri suka tafi Koriya koyon faɗa. Jaki ya koyo takwando, wato harbi da ƙafa, abin da uwarsa ta koya masa kyauta. Biri ya koyo hafkido, wato murɗe hannun wanda ya kama ka. Suka dawo da fararen riguna, kullum suna musun wanne ya fi kare mutum. Ni kuwa, da tumbi ya hana ni ganin ƙafata, ni ne alƙalinsu.

Rannan muna tafe mu uku, sai ga Kura.

Jaki ya ce, "Dakata, Yaya Kura. A wurinmu sai an rusuna kafin a fara." Ya sunkuyar da kai, ta cafke masa kunne.

Biri ya miƙa hannu ya ce, "Wuyan hannu za ki kama. Na dama fa, ba a koya mana na hagu ba."

Kura ta ce, "Ni ɗalibarka ce?" Ta damƙi wutsiyarsa.

Da ƙyar suka ƙwace, suka zura a guje. Jaki yana haki ya ce, "To Malam Biri, wanne ya fi?"

Biri ya ce, "Wannan da muke yi yanzu. Ƙara wuta!"

Suna isowa gida suka tarar da alƙalinsu ya riga su, har ya saka sakata.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Wanda ya tsinci takalmina ya kawo mini.