Jatau da Kwalekwalen Kawu

Ku matso, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani tsohon masunci ne, ƙarfinsa ya ƙare. Sai ya kira 'ya'yan ƙanwarsa, Jatau da Mati, ya ce, "Wanda ya fi wayo a cikinku, shi zai gaji sana'ata."

Jatau ya yi murna, don a ganinsa wayo shi ne ka ci ba ka yi gumi ba.

Tsoho ya ce kowa ya saƙa koma, wato ragar kamun kifi. Mati ya zauna yana ta ƙulla zare. Sai Jatau ya aro ta maƙwabci ya kawo.

Tsoho ya ce, "Har ka gama?"

"Wayo ne, Kawu."

"To, madalla."

Kashegari ya ce kowa ya kamo kifi. Mati ya kafa tarko. Sai Jatau ya zagaya ya kwashe tarwaɗar da ke ciki.

"Har ka kamo?"

"Wayo ne, Kawu."

"To, madalla."

Rana ta uku ya ba kowa hujajjen kwalekwale, ya ce a toshe, a haye kogi. Mati ya wuni yana sassaƙa itace. Jatau kuwa ya cusa curin fura a hujin, ya shafe da laka, ya tura jirgi yana waƙa.

Yana kaiwa tsakiya, sai kifaye suka ji ƙanshin fura. Suka taru suka cinye ta tas. Ruwa ya fara ɓulɓulowa. Jatau ya toshe da hula, ya toshe da diddige, ina!

"Wayyo Mati, ɗan'uwana, ka cece ni!"

Sai Mati ya tuƙo nasa, ya jawo shi ta wuyan riga.

Tsoho ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Jatau, ni kana iya yi mini wayo, amma kogi ba ya jin daɗin baki. Wayon da na ce, na hannu ne."

Jatau yana matse wando ya ce, "Mati, gobe ka koya mini ƙullin nan."

Ƙurunƙus kan kusu! Wayo biyu ne, yara: na iya aiki da na cutar mutane. Ku riƙe na farko.