Bishop Barnaba da Ranar da Inuwa Ta Ɓace

A zamanin da, can gabas inda fatake kan tafi har a manta da su kafin su dawo, an yi wata ƙasa ta Kiristoci a bakin wani babban kogi. Sunan sarkinta Yotam. Mutum ne mai kyauta, amma in ya faɗi magana ba ya son jin ta dawo masa.

Wata damina yana rangadi a ƙetare, sai kewar 'yarsa Tabita ta kama shi, ya aika a kawo ta. Mai fito, wani bawan Allah ana ce masa Sila, ya dubi ruwa ya ce kogi ya cika, a dakata. Sarki ya sake aikowa cewa a ƙetaro yanzu. Suka shiga kwalekwale, a tsakiya ya kife. Sila ya yi ta nutso har jini ya fito masa ta kunne, bai samo yarinyar ba.

Sarki ya komo gida, ya sa aka yi shela cewa a kashe mai fito. Kowa ya san wanda ya ce a ƙetaro, amma babu wanda ya isa ya faɗa.

To, ƙasar tana da wata al'ada. Wanda ake nema da jini ba ya shiga cikin majami'a, amma in ya samu ya faɗa cikin inuwarta, hannun sarki ba ya kai masa. Dare da ranar hadari kuwa, sun ce inuwar Allah ce ta rufe kowa, ba a kama mutum. Sila ya sheƙa a guje, dogarai na bin sa, ya zube a gindin bangon majami'a.

Babban limamin majami'ar, wanda suke kira bishop, sunansa Barnaba. Uwarsa baiwa ce, ita ce ta shayar da sarki, shi ne ma ya goya Yotam ya koya masa tafiya. Da tsohon bishop ya rasu, Yotam ya tsaya kai da fata sai da aka naɗa Barnaba, a zatonsa ya sami wanda zai riƙa ce masa to. Ya yi kuskure, 'ya'yan nan. Wanda ya share maka majina ba ya tsoron rawaninka.

Sarki ya sa aka kira shi fada. Ya ce, "Baba bishop, akwai kayana a gindin bangonka."

Barnaba ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga kaya ba. Mutum na gani."

"Ni na ba ka sandan nan da kake dogarawa."

"Hannunka ne ya miƙo, zaki, amma ba kai ka ba ni ba, Allah ne."

Sarki ya fusata. Ya ƙwace gonakin majami'a, ya hana a kai mata hatsi, ya sa dogarai suka kewaye fili suna jira. Barnaba bai ja da baya ba. Ɗan abin da tsofaffin mata suke ɓoyo masa a bakin zane, shi yake rabawa biyu, ya fito ya zauna a ƙasa su ci da Sila.

Haka Sila ya zauna yana bin inuwa. Da safe tana yamma, ya kwanta can. Rana ta taso, inuwa ta tsuke, shi ma ya matso ya takure. Da la'asar ta miƙe gabas, doguwa, sanyi-sanyi, ya bi ta da tabarmarsa. Ya ce wa bishop wani lokaci yakan ga kamar inuwar ruwa ce, majami'ar kuwa jirgi, suna ta tafiya a hankali ba su isa gaɓa ba. Tattabaru suka saba da shi har suna sauka a kafaɗarsa. Yara suka daina duban rana, sai su dubi inda Sila yake su san lokaci.

Ana nan, sai waziri ya zo gaban sarki ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kada ka taɓa al'ada, talakawa za su ƙi ka. Na tambayi masana taurari, sun ce akwai ranar da rana ke tsayawa daidai tsakar ka, ko taɓarya ka kafa ba ta da inuwa. Ranar ta kusa. Mu bar inuwar ta tashi da kanta."

Sarki ya ce, "Madalla da waziri."

Ranar ta zo, sama wasai, ko ɗigon girgije babu. Gari duka ya taru, sarki na bisa doki. Inuwa ta yi ta janyewa. Ta koma kamar tabarma, ta koma kamar faifai, ta koma kamar zare. Sila ya miƙe ya manna bayansa da bango, ya ɗage bisa yatsun ƙafa. Can sai zaren ma ya shige ƙarƙashin gini. Duniya ta yi fari fat, kowa ya duba ƙafarsa ya ga shi kaɗai ne tsaye, ba inuwa.

Sai ga Barnaba ya fito a hankali. Ya jingine sandansa, ya tuɓe alkyabba, ya kama gefe biyu ya ɗaga ta bisa kan Sila.

Waziri ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wannan ai inuwar tufa ce, ba ta gini ba. Ba ta shiga al'ada ba."

Barnaba ya ce, "Na sani, waziri, dabara taka ce, ni ban iya ba. Rana ce ke dukansa. Mai kamawa ya zo ya kama, amma sai ya ture ni."

Dogarai suka dubi juna, babu wanda ya ɗaga ƙafa. Sarki ya sauko da kansa, ya tako har gabansu. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, sauke hannunka. Kada ka kunyata ni."

Barnaba ya ce, "Yotam, wa ya ce a ƙetaro?"

Sarki ya ɗaga murya.

"Zan tuɓe ka, in kore ka daga ƙasata."

"Tuɓe ni. Amma in ka kashe shi yau, gobe in ka farka maganar tana nan, kuma babu sauran wanda ya ga 'yarka a ƙarshe. Ko tambayarsa ba ka yi ba."

Sarki ya ɗauke ido daga kan Barnaba. Sa'an nan ya dubi Sila, abin da bai yi ba tun ranar. Ya ce, "Ta ji tsoro?"

Sila ya ce, "Ranka ya daɗe, dariya take yi. Tana wasa da hannu a ruwa, tana ce mini in yi sauri, Baba na jira."

Hawaye ya zubo wa sarki har gemu. Ya ce, a gaban kowa, "Ni ne. Ni na ce a ƙetaro."

Barnaba tsoho ne fa, kuma ga yunwa. Hannunsa na hagu ya gaji, can ya saki. Kafin alkyabba ta taɓa ƙasa sarki ya cafe gefen, ya ɗaga. Suka tsaya haka, wannan riƙe da gefe, wancan riƙe da gefe, mai fito a tsakiya yana kuka, har inuwa ta leƙo daga gindin bango ta hau ƙafafunsu su uku.

A ranar sarki ya janye shelarsa, ya mayar wa majami'a gonakinta, ya kuma yi doka cewa in mai fito ya ce ruwa ya hana, ko sarki ne sai ya jira. Sila ya koma kogi. Waziri aka bar shi da masana taurarinsa, yakan sunkuyar da kai in ya wuce ta filin.

Kada ku ce daga nan bishop da sarki sun daina faɗa. Sun yi ta yi, kan gona, kan naɗi, kan wa zai fara gaida wani, har Barnaba ya kwanta ciwon ajali. Da ya rasu, Yotam ya hana bayi taɓa makara, ya sa kafaɗarsa.

Nan labarin ya sauka. Allah ya ba ku mai faɗa muku gaskiya, ya ba ku kunnen jin ta.